Lamba 10 da ba ta da suna: yadda enum ya raba kan C++ da .NET a sikelin riɗi

Wata ranar Talata a tsakiyar kakar riɗi, bayan la'asar, manajan wani rumbun sayen amfanin gona da ke hanyar Dawanau ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, ka zo yanzu. Kwamfutarka za ta sa a doki yaron mutane."

Yaron da yake nufi shi ne akawun sikelin manyan motoci. Wani dillali ya kawo tirela daga wajen Jigawa ɗauke da buhu 600, kowanne kilo 50, kuma a gabansa aka yi lodi. Tan 30 ke nan, ko da ɗan ragi na bushewa da zubewa a hanya. Motar ta saba zuwa, nauyinta ba kaya yana cikin rajista, don haka da ta hau sikeli nan take tikiti ya fito: kilo 25,340. Dillalin ya ce bai yarda ba, a sake hawa. Aka sake, sai ga kilo 29,960. Mota ɗaya, kaya ɗaya, tsakani bai kai minti 10 ba.

Da na isa, na tarar da 'yan dako sun kewaye tagar ofishin awo. Dillalin yana ta faɗa yana ɗaga tikitin biyu sama. "Wato da ban yi magana ba, shi ke nan an cinye ni ke nan!" Akawun kuwa yana tsaye a ciki idonsa ya yi ja, yana ta maimaita wa manaja, "Wallahi Yallaɓai ban taɓa komai ba." Kowa a wurin ya riga ya yanke hukunci cewa hannun mutum ne. Ni ma, gaskiya, da farko na yi zaton haka, domin manhajar ta yi shekaru tana aiki ba a taɓa kawo ƙarar irin wannan ba.

Ba hannun mutum ba ne. Lamba ce guda ɗaya ta ƙetare daga wani ɓangaren manhajar zuwa wani, ta isa inda ba a san sunanta ba.

Yadda manhajar take

Hawa uku ce. A ƙasa akwai laburaren C++ na asali da masu sayar da sikelin suka ba mu, shi ke magana da akwatin awo ta wayar RS-232, ya karanto nauyi da halin da sikeli yake ciki. A sama akwai abin da akawu yake gani, an rubuta shi da C# a kan .NET Framework 4.8. Waɗannan biyun ba su jin yaren juna. Kod ɗin asali kwamfaila ta mayar da shi umarnin inji kai tsaye, na saman kuwa yana ƙarƙashin kulawar injin .NET, wanda ke riƙe masa ma'ajiya yana kuma sane da kowane nau'in bayani da ke cikinsa. Don haka akwai gada a tsakiya, an rubuta ta da C++/CLI, yaren da Microsoft ya fitar tare da Visual Studio 2005, aka kuma daidaita shi a matsayin ECMA-372 a Disambar shekarar. Idan ka harhaɗa fayil da zaɓin /clr, za ka iya kiran kod ɗin asali da na .NET a cikin layi ɗaya. Wannan sauƙin shi ne amfaninsa, kuma shi ne ya rufe mana ido.

Halin sikeli yana zuwa ne a matsayin enum, wato jerin lambobi da aka raɗa wa kowacce suna. Na mayar da sunayen zuwa Hausa a nan domin a bi ni cikin sauƙi. Tsohon fayil ɗin heda na masu sikelin, wato fayil ɗin da ke gaya wa kwamfaila sunayen da ke cikin laburaren, haka yake:

enum Hali { BABU_LAYI = -1, TSAYE = 0, MOTSI, FIN_KIMA, KASA_DA_SIFIRI, ADADI };

TSAYE na nufin mota ta daina girgiza, nauyi ya zauna, ana iya buga tikiti. Sauran duk dalilan hanawa ne. ADADI ba hali ba ne, tsohuwar dabara ce ta masu rubuta C: ka sa shi a ƙarshe, kwamfaila ta ba shi lamba ta gaba, a nan 4, sai ka yi amfani da shi a matsayin iyakar madauki, wato kod ɗin da ke bin jerin ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin da ya sa ake buƙatar wannan dabarar shi ne ginshiƙin duk labarin. A C++ na asali, sunayen enum na mai rubutu ne da kwamfaila kaɗai. Da zarar an gama harhaɗawa, TSAYE ta zama 0, MOTSI ta zama 1, sunayen sun tafi, kuma babu wani wuri a cikin fayil ɗin da ke gudana da za ka tambaya, "lambobi nawa ne a wannan jerin, kuma su wane ne?" A .NET kuwa akwai. Kowane enum yana da rajistarsa a cikin fayil ɗin, sunaye da lambobi, kuma System::Enum::GetValues zai zayyano maka su lokacin da manhaja ke aiki. Ɓangare ɗaya yana iya ƙirga 'ya'yansa, ɗayan ba ya iyawa.

Wanda ya fara rubuta gadar ya yi abin da kusan kowa ke yi. Ya kwafi jerin da hannu zuwa ɓangaren .NET:

public enum class HalinAwo { BabuLayi = -1, Tsaye = 0, Motsi = 1, FinKima = 2, KasaDaSifiri = 3 };

Sannan ya haɗa su da layi ɗaya:

return static_cast<HalinAwo>(static_cast<int>(hali));

Tun daga ranar jerin ya zama biyu, kuma ba abin da ke ɗaure ɗaya da ɗaya sai tunawar ɗan Adam.

Bin sawu

Bayan an lallashi dillalin an biya shi a kan awo na biyu, na zauna da fayil ɗin da gada ke rubuta duk abin da ya faru a cikinsa. Na nemo lokacin tikitin farko. Ga abin da na gani:

16:42:07 nauyi=41180 hali=(null)

Layukan da ke samansa duk suna cewa hali=motsi, na ƙasansa bayan 'yan daƙiƙoƙi suna cewa hali=tsaye. Wannan kaɗai ne ba shi da suna. Kalmar nan ta cikin baka ita ce abin da printf na Microsoft ke bugawa idan ka ba shi manunin rubutu da ba ya nuna komai. Na juya wajen akawun na tambaye shi ko ya lura da wani abu a allon. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Oga, wani lokaci inda yake rubuta Tsaye, sai in ga ya rubuta 10. Na ɗauka ƙidaya yake yi."

Wannan amsar ta fi min fayil ɗin amfani. Enum na .NET akwati ne na lamba kawai, yana karɓar duk abin da ka zuba masa, ko yana cikin rajista ko babu. Idan ka ce ya faɗi sunansa alhali ba shi da suna, sai ya buga lambar. Don haka 10 ba ƙidaya ba ce. Hali ne da sikeli ya aiko, wanda ɓangaren sama bai taɓa jin labarinsa ba.

Na buɗe fayil ɗin heda da ke cikin aikin a lokacin, ba wanda na sani a ka ba:

enum Hali { BABU_LAYI = -1, TSAYE = 0, DAIDAI = TSAYE, MOTSI, FIN_KIMA, KASA_DA_SIFIRI, KAFA_TA_MUTU = 10, ADADI };

Kafin kakar ta shigo, rumbun ya sauya ƙafafun awo 8 da ke ƙarƙashin dandamalin zuwa na dijital, waɗanda kowacce ke aiko da nata rahoton daban. Tare da su aka kawo sabon akwati da sabon laburare. Abokin aikina, matashi mai ƙwazo da bai daɗe da fara aiki da ni ba, shi ya saka sabon fayil ɗin, ya harhaɗa, kwamfaila ba ta yi ko tari ba, ya gwada da motar gwaji nauyi ya fito daidai, ya kai ya ɗora. Ni na sa hannu a kan aikin. Ban buɗe hedar na kwatanta da tsohuwa ba, kuma wannan laifin nawa ne, ba nasa ba.

KAFA_TA_MUTU na nufin ɗaya daga cikin ƙafafun ta daina amsawa. A wannan akwatin, idan haka ta faru, yana ci gaba da aiko da jimillar sauran 7, yana ɗaga wannan halin domin manhaja ta ƙi amincewa da nauyin. Masu sikelin sun yi nasu. Washegari mai gyaran lantarki ya shiga ramin ya fito da waya da ɓera ya gwaguye har jan ƙarfe ya bayyana. Idan mota mai nauyi ta hau, dandamali ya ɗan motsa, wayar ta rabu na 'yan daƙiƙoƙi, ta sake haɗuwa. A wurin da ake ajiye hatsi, ɓera ba baƙo ba ne.

To amma me ya sa aka buga tikiti a kan halin da ba TSAYE ba? A nan ne zagaya enum ta shigo. Lokacin da manhaja ke tashi, gada tana gina teburin hanawa:

for each (HalinAwo h in Enum::GetValues(HalinAwo::typeid))
    hana[h] = (h != HalinAwo::Tsaye);

A ido wannan kod ne mai kyau. Ba a rubuta halaye ɗaya bayan ɗaya ba, an bar .NET ya zayyano su, wai domin idan an ƙara sabo ya shiga da kansa. Amma GetValues abin da ke cikin rajistar HalinAwo kaɗai ya sani, wato kwafin nan na hannu mai halaye 5. Ba ya leƙa ƙetaren gada. Sannan a ɓangaren C#:

hana.TryGetValue(h, out bool aHana);
if (!aHana) BugaTikiti();

Idan TryGetValue bai sami abin da ake nema ba, ba ya ihu. Yana mayar da false, ya kuma bar aHana a kan ƙimarta ta farko, ita ma false. Ba a duba amsar farko ba, aka karanta ta biyu a matsayin "ba a hana ba". Hali mafi haɗari da sikelin ke da shi ya wuce ta ƙofar da aka yi wa TSAYE, saboda sunansa ba ya cikin takardar mai gadi.

Kalmar nan marar suna ta cikin fayil ita ma daga zagaya ta fito, amma ta ɓangaren asali. A can akwai jerin sunaye, const char* suna[ADADI], mai rubutu 4 a ciki. Da ADADI ya tashi daga 4 ya koma 11, jerin ya faɗaɗa da kansa zuwa gurbi 11, kwamfaila ta cike gurabe 7 da suka rage da manuni fanko, kamar yadda ƙa'idar yaren ta ce. Babu kuskure a wurinta. Akwai kuma madaukin gwaji da ke bin for (int i = 0; i < ADADI; i++), wanda yanzu yake ratsa 4 zuwa 9, lambobin da ba halin kowa ba ne, kuma tun ran farko bai taɓa taɓa BABU_LAYI ba, tun da daga 0 yake farawa. Dabarar ADADI tana da sharuɗɗa uku da ba a rubuta su ko'ina ba: a fara daga 0, kada a tsallake lamba, kada a maimaita. Wannan hedar ta karya duka ukun. Mun ma yi sa'a da inda aka sa DAIDAI. Da a ƙarshe aka rubuta shi, dab da ADADI, da ADADI ya zama 1.

Gyaran farko, da abin da ya tono

Abokin aikina bai yi barci ba a daren. Da safe ya zo ya ce, "Oga, na gyara." Ya ƙara KafaTaMutu = 10 da Daidai = 0 a cikin HalinAwo, domin kwafin ya yi daidai da na asali. Teburin hanawa ya gyaru nan take. Da muka cire wayar wata ƙafa da gangan, maɓallin buga tikiti ya mutu, kamar yadda ake so.

Da rana manaja ya sake kira. Shafin rahoto ya rikice. Akwai akwatin zaɓi inda yake tace awon rana bisa hali, yanzu suna ɗaya ya fito sau biyu a sama, kuma idan ya zaɓi Motsi sai a kawo masa motocin da suka fi ƙima. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Abu biyu ne game da GetValues, dukansu a rubuce suke a takardun Microsoft, amma ba wanda ke karantawa sai ya ƙone. Na farko, ba ya bin tsarin da ka rubuta halayen. Yana jera su ne bisa girman lambar idan an karanta ta ba tare da alamar ragi ba. A wannan karatun, -1 mai bit 32 ita ce 4,294,967,295, don haka ƙarshe take zuwa, ba farko ba. Na biyu, idan suna biyu suna da lamba ɗaya, lambar sau biyu za ta fito, kuma babu alkawarin wane suna za a nuna mata.

Tsohon jerin yana fitowa ne 0, 1, 2, 3, -1. Ka lura, a gurabe 4 na farko lambar gurbi da lambar hali ɗaya suke. Wanda ya rubuta shafin rahoton ya ga haka, sai ya ɗauki SelectedIndex na akwatin, wato lambar gurbin da aka zaɓa, ya mayar da shi hali kai tsaye, ya yi wa gurbin ƙarshe dabara ta daban. Ya yi aiki shekara da shekaru, amma bisa dace. Sabon jerin kuwa 0, 0, 1, 2, 3, 10, -1 ne. Motsi ya koma gurbi na 2, kuma 2 ita ce FinKima.

A nan na tsayar da facin. Na ce masa kada mu sake taɓa wani layi sai mun nemo duk inda ake zagaya wannan enum ɗin ko ake ɗaukar lambarsa a matsayin gurbi, a hawa ukun. Wuri 6 muka samu. Biyu a ɓangaren asali suna dogaro da ADADI, 4 a ɓangaren .NET suna dogaro da GetValues, kuma kowane rukuni yana da nasa zaton game da jerin da bai yi daidai da na ɗayan ba.

Gyara na gaske

Ra'ayina, wanda na riƙe har yanzu, shi ne matsalar ba ta madauki ba ce. Jerin ne yake zaune a wuri fiye da ɗaya. Hedar ba tamu ba ce, ba za mu sake ta ba, duk wanda ya gyara fayil ɗin wani to ranar da sabo ya zo aikinsa ya shafe. Abin da za mu iya shi ne mu rubuta namu jerin sau ɗaya tak, komai ya fito daga cikinsa, sannan mu sa kwamfaila ta riƙa kwatanta shi da nasu. Tsohuwar dabarar X-macro ta ishe mu:

#define JERIN_HALI(X) \
    X(BABU_LAYI, BabuLayi) \
    X(TSAYE, Tsaye) \
    X(MOTSI, Motsi) \
    X(FIN_KIMA, FinKima) \
    X(KASA_DA_SIFIRI, KasaDaSifiri) \
    X(KAFA_TA_MUTU, KafaTaMutu)

Babu lamba ko ɗaya a ciki, kuma da gangan ne. Enum ɗin .NET yana ɗaukar lambobinsa daga na asali:

public enum class HalinAwo {
#define X(a, k) k = static_cast<int>(::a),
    JERIN_HALI(X)
#undef X
};

Daga wannan jerin dai muka fitar da dukHali[], wanda madaukin ɓangaren asali yake bi yanzu maimakon ƙirga daga 0. Ba ya ratsa gurabe fanko, kuma BABU_LAYI ya shiga gwaji karon farko. DAIDAI bai shiga jerin ba, domin laƙabi ne ba hali ba. Layi ɗaya muka ba shi, static_assert(DAIDAI == TSAYE, "..."), ta yadda in masu sikelin suka raba su wata rana, aikin ba zai harhaɗu ba.

Macro ba shi da kyan gani, kuma na san masu ƙinsa. Abokin aikina ya kawo shawarar magic_enum, laburaren C++17 da ke tono sunaye ta hanyar gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya lokacin harhaɗawa, a cikin iyaka da a tsarinsa na asali ba ta wuce wajen -128 zuwa 127 ba. Dabara ce mai kyau, kuma lambobinmu sun shiga iyakar. Na ƙi ne saboda zai zayyano mana sabon hali da kansa a ɓangaren asali, cikin shiru, alhali ni abin da nake so shi ne a tsayar da mu. Sabon hali a sikeli yana buƙatar mutum ya zauna ya yanke me za a gaya wa akawu idan ya fito. Kwamitin C++ ya amince da shigar da tsarin duba kai a C++26 a taronsa na Sofiya, a ƙasar Bulgeriya, cikin Yunin 2025, wanda zai ba yaren hanyar zayyano enum ta halal. Ko ya iso hannunmu, wannan buƙatar tana nan.

Abin da ke tsayar da mu shi ne switch marar default, wato kod da ke ware wa kowane hali nasa reshe (case), ba tare da reshen da ke kwashe duk abin da ya rage ba. Aikin da ke ba da sunan hali yanzu switch ne da aka fitar daga JERIN_HALI, da case ɗaya na ADADI. Kwamfailar Microsoft tana da gargaɗi mai lamba C4062, wanda ke fitowa idan akwai ɗan enum da switch bai kula da shi ba kuma babu default. A kashe yake zuwa. Muka kunna shi da /w14062, muka mayar da shi kuskure da /we4062. Muka gwada: na ƙara wani hali na ƙarya a kwafin hedar, kwamfaila ta tsaya cak ta ambaci sunansa. Da wannan switch ɗin yana nan, zaɓin kuma yana kunne tun farko, da abokin aikina ya gani a ranar da ya saka sabon fayil, kafin mota ko ɗaya ta hau.

Wani tarko ya kama ni a tsakiyar wannan aikin, kuma ya kamata a san shi. Da na sake rubuta HalinAwo, na bar kalmar public a baya, na rubuta enum class kawai. Gada ba ta ce komai game da layin ba, amma ɓangaren C# ya ce bai san wani nau'i mai wannan sunan ba. Tarihi ne ya jawo. C++/CLI ya riga ya ɗauki kalmomin enum class a 2005 domin enum na .NET. Daga baya C++11 ya zo da kalmomin nan biyu domin nasa enum ɗin na asali. Tun daga Visual Studio 2012, idan ka rubuta su tsirara a wajen aji, na asali kake samu, sai ka sa public ko private a gaba kafin ya zama na .NET. Akwai gargaɗi a kan haka, C4472, shi ma muka kunna shi. Duk mai ɗauko tsohon kod na zamanin 2005 ko 2008 zuwa sabuwar kwamfaila ya duba wannan tun kafin komai.

Duk waɗannan suna aiki ne lokacin harhaɗawa. Amma laburaren fayil ɗin DLL ne, kuma na san yadda aiki yake a fili: mai gyara zai zo wata rana da filas, ya kwafa sabo a kan tsoho, ya tafi, ba wanda ya harhaɗa komai. Ko akwatin da kansa ya aiko da lambar da hedar ma ba ta sani ba. Saboda haka muka juya tambayar. Da ana tambaya "an hana wannan halin?" Yanzu ana tambaya "wannan halin Tsaye ne?" Teburin hanawa ya tafi gaba ɗaya, madaukinsa ma ya tafi, layi ɗaya ya maye gurbinsu:

if (h == HalinAwo.Tsaye) BugaTikiti();

Na daɗe ina kallon wannan layin. Wuri mafi muhimmanci a manhajar bai taɓa buƙatar zagaya enum ba. An yi zagayen ne domin kod ya zama mai karɓar sabon abu, kuma karɓar sabon abu shi ne daidai abin da bai kamata mai buga tikitin kuɗi ya yi ba.

A bakin gadar kuma muka sa Enum::IsDefined. Idan lamba ta zo ba ta cikin rajista, allon akawu yana yin ja ya rubuta da Hausa, "Sikeli ya aiko da hali da ba a sani ba, kira injiniya," tare da lambar, kuma fayil ɗin yana ajiye lambar ita kanta, ba gurbi fanko ba. Wannan ya dace da mu ne domin halayenmu ɗaya ake samu a lokaci guda. Ga enum mai alamar Flags, inda ake haɗa lambobi, IsDefined zai ƙi haɗin da ba a raɗa masa suna ba ko da halal ne. Akwatin zaɓi na rahoto kuwa yanzu yana riƙe halin kansa a kowane layi, yana karanta SelectedItem, ba ruwansa da gurbi.

Manaja bai ji daɗin sabon tsarin ba a makon farko. Kafin a gama sa wayoyin cikin bututun ƙarfe, tikiti ya ƙi fita sau da dama, motoci suka yi layi har titi. Ya ce min, "Injiniya, da can ai ba ya tsayawa." Na ce, "Ranka ya daɗe, da can ma yana tsayawa, tikitin ne ba ya tsayawa." Ya yi shiru, ya ce a kira mai lantarki ya ƙarasa aikin a ranar.

Abin da ya rage shi ne baya. Na nemi kalmar nan marar suna a duk fayilolin tun daga ranar da aka sauya ƙafafu, na haɗa lokutanta da lokutan buga tikiti. Sau tari ta fito ta wuce ba a danna komai ba. Sau 7 ta yi daidai da tikiti. Ɗaya shi ne na dillalin nan. Biyu motocin rumbun ne da kansa, kaya masu fita, wato a nan rumbun ne ya bayar da fiye da abin da ya rubuta. Sauran 4 masu kawo kaya ne, kuma babu wanda ya ɗaga murya a cikinsu. Ɗaya ƙaramar mota ce ta wasu manoma da suka haɗa kuɗin haya, ba su ƙirga kilo ba, buhu suka sani, suka karɓi abin da takarda ta ce suka tafi.

Na buga jerin na kai wa manaja a gaban akawun, domin ina so ya ji da kunnensa cewa babu hannunsa. Yaron bai ce komai ba, ya dai fita ya daɗe a waje. Ba za a iya sake auna kayan da aka riga aka juye aka gauraya ba, sai aka koma ga littafin 'yan dako, inda ake rubuta adadin buhun da aka sauke daga kowace mota domin biyan ladansu. Da shi aka ƙiyasta gibin kowane tikiti. Uku daga cikin masu kayan suna da lambar waya a rajista, aka kira su suka zo suka karɓi cikonsu. Manoman nan ba su bar lamba ba, sai lambar motar da suka yi haya. Akawun ne ya ce a bar masa wannan. Ya rubuta lambar a takarda ya manna a jikin tagar, yana tambayar duk direban da ya fito daga wannan yankin, har ranar kasuwa ta uku wani ya ce ya san mai motar.